Warshar da ta gano min rawar farfelar gaba a Jidda, ga yadda aikinsu yake

Masu tsofaffin Land Cruiser da Patrol da ke nan Jidda da Makka wannan naku ne, musamman wanda motarsa ke wani gurnani daga ƙasa ana ta yawo dashi daga banshar zuwa banshar, wato shagunan masu gyaran taya. Akwai wata ƴar warsha, wato garejin gyara, a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota ta gabashin Jidda, da na kai tawa, kuma tunda ƴan uwa sun dame ni da tambaya a zaman shayi gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Suna dai ba zan sa ba, mai gurin dattijo ne Bahaushen Sudan ɗan Gadarif, wanda ke bukata ya tambaye ni in kwatanta masa. A taƙaice in aikin ƙasan mota ne, farfela (dogon bututun da ke kai ƙarfi daga giya zuwa ƙafa) da difrans (mai raba wa tayoyin hagu da dama ƙarfin) da dabal (mai raba shi tsakanin ƙafar gaba da ta baya), ka je. In kana sauri ko kana son gurin zama mai sanyi da kofi, kada ma ka fara.

Motar tawa Land Cruiser ce 80, ƙirar 1996, mai injin fetur 4.5 silinda shida, giya otomatik, kuma irin wadda dabal ɗinta ke aiki kullum ce, ya'ani ƙafa huɗun duk suna ja ko a kwalta kake. Toyota sun yi wannan samfurin daga 1990 zuwa 1997, kunga ko ƙaramar cikinsu ta doshi shekara talatin, to duk abinda ke juyawa a ƙasanta ya ga duniya. Matsalar da ta kawo min ita ce daga gudu tamanin zuwa ɗari sai kaji ƙasan motar na wani zirrr a tafin ƙafarka kamar ka taka kusa da injin markaɗe, madubin tsakiya ya dinga rawa har ba ka iya gane lambar motar da ke bayanka, in ka ɗaga ƙafa daga totur sai ya ragu, in ka sake takawa ya dawo. Da safe kuma in ina fita daga layinmu a hankali akwai wani cik cik cik da ke bin juyin mota, sai na ɗan yi nisa ya ɓace.

Kafin in je gurinsa an yi min tarsis, wato daidaita nauyin taya, an yi mizan, wato saitin ƙafa, wani ma ya sa na canja tayoyin gaba, wani ya shiga ƙasa ya kama farfelar ya girgiza yace lafiyarta ƙalau ko motsi ba ta yi, wai in shirya kuɗin difrans. Wannan maganar ta difrans ce ta sa na nemi wani gurin don kowa ya san abinda ake kira in an ce za a buɗe shi.

Abu na farko da ya burge ni, dattijon nan bai ɗauki sifana ba. Cewa yayi "Alhaji ba ni makulli, kai zauna gefe," muka hau titi. Yana tuƙi yana min tambaya kamar likita, yaushe ta fara, an ɗaga motar ne, na shiga ruwa da ita, wa ke min giris. Da muka kai gudun da take yi sai ya ɗora hannuna a kan sitiyari yace me kaji, nace babu komai sosai, yace to sa ƙafarka a ƙasa ta gefen giya, nan kam kamar ana kaɗa ta. Yace rawar taya a sitiyari take fitowa kuma a hankali take, kana iya ƙirga ta, ita kuwa farfela a wannan motar duk juyi ɗaya na taya sai ta yi wajen huɗu saboda difrans ɗin 4.1 ne, shi yasa tata rawar ke zuwa da sauri sauri har ta koma gurnani. Kuma taya ba ruwanta da ka taka totur ko ka saki, in dai gudun ɗaya ne rawarta ɗaya ce, abinda ke canjawa da nauyin totur to yana cikin abubuwan da ke ɗauko ƙarfi daga giya zuwa ƙafa. Wallahi a minti goman nan na fahimci abinda ban fahimta ba a duk yawon da na yi.

Daga nan ya samu guri babu motoci ya zare giya ya bar ta tana gangarawa, inji ya sauka ƙasa amma rawar ba ta tafi gaba ɗaya ba, yace to ba inji bane. Muka tsaya ya ba ta wuta a tsaye har gurin da allurar ke kaiwa in ana wannan gudun, shiru, yace ba kujerun inji bane kenan. Ya ɗan karkaɗa motar hagu da dama yana saurare, wai boris ɗin ƙafa in ya mutu kukansa na ƙaruwa ko raguwa in nauyi ya koma gefe ɗaya, nan ma babu. Sai ya shiga wani fili ya murɗe sitiyari har ƙarshe yana zagaye a hankali, da gaba da ribas, yana neman ƙas ƙas ƙas ɗin nan na birfil, wato jon ɗin da ke cikin ƙwallon ƙafar gaba, shima bai ji ba. Ya taka birki ya dinga sa D yana mayarwa R, akwai ɗan ƙwal kaɗan amma yace wannan na tsufa ne, duk 80 sai ka ji shi. Ni dai ina zaune ina kallo yana cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya daga lissafi ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

Da muka dawo bai bari motar ta huce ba, ya hau da ita kan rami, ya ɗauko ƴar na'urar nan ta auna zafi mai jan haske ya haska kowace saliba, wato kuros ɗin da farfela ke lanƙwasawa a kansa, guda huɗun, biyu a ta gaba biyu a ta baya. Ta gaban da ke manne da dabal ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba. Ya kira ni na sauka ramin ya haska min fitila, sai ga wani jan gari kamar na tsatsa ya zagaye bakin ɗaya daga cikin ƴan kofunan ƙarfe huɗun da ke rufe ƙafafun salibar, sauran ukun kuwa baƙin giris ne a jikinsu. Yace "Alhaji kaga wannan jan, ƙarfe ne ke cin ƙarfe a ciki." Nace to Malam ai wancan ya girgiza yace ba ta motsi. Yayi dariya yace saliba hanya biyu take mutuwa, ko ta saki ta dinga lilo, wannan ko yaro zai gane, ko kuma ta bushe ta ƙage, ita wannan in ka girgiza sai kaji ta gam kace sabuwa ce. Ya ƙara da cewa mafi yawa ma in za su girgiza a P suke barin motar, farfelar na ɗaure da nauyi, to me za ka ji, sai an sa wa taya waigi an zare giya tukunna take sakewa.

Ni a nan na ɗauka shikenan a kawo sabuwa a sa, amma yace a'a sai ya tabbatar. Ya ɗauko fenti ya yi alama a inda farfelar ta haɗu da difrans da inda ta haɗu da dabal da kuma inda take zugewa a tsakiya, ya kwance notuna huɗu nan huɗu can ya sauke farfelar gaban gaba ɗayanta, ya danna maɓallin kulle difrans na tsakiya muka sake hawa titi da ƙafar baya kaɗai. Luf, kamar ba ita ba, madubi ya tsaya cak har 110. A nan ya ja kunnena, kuma ku ma ku riƙe, irin wannan motar mai dabal kullum ba a cire farfela a tuƙa sai an kulle na tsakiya, in ba haka ba ƙarfin duk sai ya tsere ta inda babu komai, kuma waɗanda ke da viscous a cikin dabal, abin da ke hana gaba da baya bambanta gudu sosai, za ka iya ƙona shi a banza. Akwai ma waɗanda ba su zo da maɓallin ba sai ka sa L suke kullewa, su sai an yi musu dabara. Masu mota mai kulle a ƙafa kuwa, irin na murɗawa FREE da LOCK kamar shas, wato Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, da yawancin Patrol na da, ku kun huta, ba sai kun kwance komai ba, ka buɗe kullen ka sa H2 farfelar gaba ba ta juyawa sam, ka kulle ƙafa ka bar shi a H2 tana juyawa amma ba kaya a kanta, ka sa H4 a kan ƙasa ko yashi ta ɗauki kaya, duk matakin da ƙarar ta fito ka san inda za ka dosa. Kada dai a yi gwajin H4 ɗin a busasshiyar kwalta ana kwana.

Abinda ya sa na yarda da mutumin nan shine ko da rawar ta ɓace bai ce kaga ni na faɗa ba. Cewa yayi cire farfela ya sauke kaya daga kan difrans na gaba da birfil duka, saboda haka shirun bai wanke su ba, sai an duba. Ya kama bakin difrans inda farfelar ke ɗaurewa ya ja sama da ƙasa, babu motsi, ya yi wa na dabal haka, shima lafiya, sil ɗinsu babu yoyo. Ya kwance notin man difrans ya nuna min maganaɗisun da ke jikinsa, ɗan laushin baƙin gari ne kawai babu ɓarɓashin ƙarfe, yace difrans ɗinka ba abinda ya same shi, in da boris ɗin ciki ne da kuka za ka ji mai kamar busa ba rawa ba. Tunda an riga an zubar sai aka zuba sabon mai 80W-90, wannan ni na ce a yi ba shi ya tura ni ba.

Sai kan benci. Ya ɗaure farfelar a bais ya ce in lanƙwasa salibar da hannuna, ta gefe ɗaya tana tafiya sumul, ta ɗaya gefen kuwa sai da na sa ƙarfi kuma tana tafiya tana cijewa ƙat ƙat. Da ya fitar da kofin ya juye min a tafin hannu, maimakon ƴan alluran ƙarfen nan masu sheƙi da ke jere a ciki sai ga guntaye da jan gari, wasu sun lanƙwashe wasu sun narke sun zama ƙasa, ƙafar salibar kuma duk alluran sun yi mata zane zane har kana jin ramin da farce. Ya tura waya cikin ƴar hanyar da giris ke bi zuwa wannan kofin, a toshe take da tsohon giris da ya daskare. Yace ga inda aka cuce ka, yaran canjin mai in sun ɗora bindigar giris da sun ga ya ɓullo ta kofi ɗaya sai su cire, alhali giris inda ya fi sauƙi yake bi, dole sai ka ga sabo ya fito ta duka huɗun, in ɗaya ya ƙi to da matsala tun ranar. Ga iskar Jidda mai gishiri, ga ruwan da muke kutsawa duk sanda aka yi ambaliya, ni kaina na bi ta cikin ruwan Nuwamban 2022 da ita har ƙofa, to kofin da ba giris ruwa ne zai zauna masa.

Ya kuma nuna min wani tabo a jikin bututun inda ɗan ƙarfen balas ya taɓa zama ya faɗi, sai alamar walda kawai ta rage, yace ko an sa sabbin saliba in ba a mayar da wannan ba wata ƴar rawa za ta rage. Gurin zugewa na tsakiya kuwa yace haƙoransa da saura, a bar shi.

Kaya ni na siyo da kaina, shi ba ya sayarwa, kuma ina ganin wannan na cikin abinda ya sa ba shi da zumuɗin a canja wannan a canja wancan. Ya rubuta min lamba a takarda yace ko asli daga wakala, Abdul Latif Jameel kenan, ko ta Japan irin GMB, amma kada in kawo masa mai arhar nan da kwalinta ba a san ƙasar da ya fito ba don ba zai ɗaura ba. Na tambaye shi me zai hana in je tashlih na Biriman, inda ake sayar da kayan matattun motoci, in ɗauko farfela sukutum in huta, yace ita ma ta tashlih ai sa'ar taka ce a shekaru, sai in bututun ya lotse ko haƙoran tsakiya sun cinye sannan zai tura ni can. Biyu ya sa na siyo, wai tunda an sauke ta ba a barin ɗayar.

Wajen ɗaurawa na tsaya a kansa. Da bais da ƴan soket ya matsa kofunan a hankali, ba irin dukan guduma da wasu ke yi ba har su tanƙwara kunnen farfela, ya zauna yana gwada zoben da ke riƙe kofi don na Toyota kauri kauri ne, sai da ya samu wanda ba ya barin motsi kuma bai matse ba, sannan ya ɗan ƙwanƙwasa kunnen ya saki, ya ba ni na lanƙwasa ko ta ina sumul. Da ya zo giris na gurin zugewa sai ya buga kaɗan ya tsaya, yace wannan ba a cika shi tam, in ya cika ba shi da inda zai matsa in mota ta faɗa rami sai ya dinga tura boris ɗin dabal. Na tambaye shi batun ɗaga mota tunda yara na ta zuga ni in ƙara mata inci biyu, yace saliba in tana aiki a karkace gudu take ƙarawa ta rage sau biyu a duk juyi, ta ɗaya bakin ce ke gyara mata, in ka ɗaga mota kusurwar ta canja ba su daidaita ba sai rawa ta fito ko da komai sabo ne, daga nan sai ka koma neman farfela mai saliba biyu a haɗe. Na fasa.

Yanzu abinda ban ji daɗinsa ba, don ba yabo kaɗai na zo yi ba. Ba su da injin balas, sai an kai makhraɗa, gurin masu injin feƙe ƙarfe, kuma wai bayan la'asar za ta dawo amma sai washegari da daddare na ga farfelata, ba wanda ya kira ni, ni na dinga bugawa ana ce min yanzu in sha Allah. Dattijon shi kaɗai ne gwanin, yaransa biyu koyo suke, in ya tafi sallah ko wani ya ja shi gwaji aiki ya tsaya cak, kuma ba ya korar kowa, kana tsaye wani zai shigo da Hilux ya bar naka ya je ya saurari ƙarar waccan. Gurin zama benci ne ɗaya a bakin ƙofa da fanka, a zafin Jidda kun san me wannan ke nufi. Ba su shimfiɗa leda a kujera ba, na samu shatin giris a gefen kujerar direba da kan sitiyari. Fatura ma, wato rasit, sai da na nema sannan aka buga min, ku nemi taku don garantin da ya faɗa da baki ya zama a rubuce, kuma ku tambaya tun farko ko kuɗin da aka faɗa harda harajin kashi 15 ɗin nan.

Kuɗi kuwa, na hannu riyal 300 ya karɓa harda duk gwajin titin, makhraɗa 150, sai saliba da man difrans da na siyo. Wani zai ce da tsada a kan canjin saliba kawai, akwai masu yi ƙasa da haka, gaskiya ne, amma ni tayoyin da aka sa na canja a banza sun ninka wannan ba sau ɗaya ba, balle a ce na yarda an buɗe difrans.

Tun da na karɓo ta na hau hanyar Makka da ita na kuma haura Hada zuwa Ɗa'if da iyali a ciki, rawar babu, cik cik ɗin safe ma babu. Akwai wani siririn kuka daga baya in na saki totur a wajen 90, na faɗa masa yace na difrans ɗin baya ne ya fara tsufa, in dinga duba mai in bar shi tukunna, ba yau ba. Ya kuma nuna min ƙwallon ƙafar hagu ya fara jiƙewa da mai, alamar sil ɗin ciki ya gaji man difrans na haɗuwa da giris ɗin birfil, wannan zan koma masa bayan albashi. In matsalarka ta wuta ce ko kwamfuta ko AC ba aikinsa bane, da kansa zai ce maka je gaba. Ka je da sassafe kafin layi ya taru, ka je da motar yadda take ba tare da ka wanke ƙasanta ba don yana son ganin jan garin da yoyon mai a inda suke, ranar Juma'a kuma ba sa buɗewa sai bayan la'asar.